Yadda ake kafa gidan reno da ajin share fage na unguwa a kan kuɗin da iyaye za su iya biya

Uwar da ke fita aiki ko kasuwa ba ta da zaɓi mai yawa a yawancin unguwanni. Ko ta kai ɗanta makarantar kuɗi wadda kuɗin zangonta ya fi ƙarfin gidan, ko ta bar shi a hannun yayarsa, wadda ita ma aji ya kamata a ce tana ciki a lokacin. Gidan reno na al'umma shi ne iyaye su haɗa kai, su samu ɗaki, su ɗauki mai kula da yara, su raba ɗawainiyar a tsakaninsu ba tare da wani ya ci riba ba. Irin waɗannan wurare da yawa sukan buɗe da walima su rufe kafin shekara ta zagayo, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne, wato albashin malama ya tsaya. Shi ya sa aka jera matakan nan yadda za ku san inda albashin zai fito tun kafin ku sayi tabarma ɗaya.

Bayanin ya dogara ne a kan yara 30 zuwa 40 masu shekara 3 zuwa 5. Inda jarirai suka bambanta, za a faɗa.

Kayan da ake bukata

Na zama da barci: manyan tabarmi 6 zuwa 8, katifa ƙarama 2 da aka lulluɓe da leda don wanda barci ko zazzaɓi ya kama, da gidan sauro 2. Kada ku fara da benci da tebur. Tsadarsu ta yi yawa, suna cinye wuri, kuma ɗan shekara 3 ya fi sakewa a ƙasa.

Na ruwa da tsafta: randa ko bokiti mai famfo da murfi don ruwan sha, kofi ɗaya ga kowane yaro da alamarsa a jiki, wani bokitin mai famfo daban don wanke hannu, sabulu, buta 4, fo 5 ko 6, tsintsiya, abin kwasar shara, da bilic.

Na koyarwa: baƙin allo a bango daidai tsayin yara, alli, ƙananan alluna, kwalaye, yumɓu, karan dawa, murafen kwalba masu yawa, tsofaffin tayoyi, ƙwallo, da 'yan tsana. Rabin wannan a gidajen iyaye za a tattaro shi kyauta.

Na lafiya: ma'aunin zafin jiki, ledojin ORS (garin gishiri da sukari da ake damawa don gudawa), auduga, bandeji, filasta, almakashi, safar hannu, da tef ɗin awon damtse na gano tamowa wanda ake samu a asibitin unguwa.

Na rubutu: littattafai huɗu masu kauri, ɗaya na rajistar yara, ɗaya na zuwa da tashi, ɗaya na kuɗi, ɗaya na rashin lafiya da rauni. Sai littafin rasit mai kwafi.

Mataki na 1: Ku ƙidaya yaran kafin ku kira taro

Mata biyu ko uku su shiga gida gida, domin su ne za su iya wuce zaure su ji gaskiya daga bakin uwa. A kowane gida a rubuta yawan yara 'yan ƙasa da shekara 6 da shekarun kowanne, wanda ke kula da su da safe, lokacin da uwa take fita da lokacin da take dawowa, da ko akwai yarinyar da ke fashin makaranta saboda goyon ƙane. Kada ku wuce gidajen da ƙaramin yaro zai iya takowa daga cikinsu cikin minti 10 zuwa 15. Wanda sai an hau Keke Napep kafin a kawo shi, kuɗin motar zai fi kuɗin renon, kuma ba zai daɗe yana zuwa ba.

Wajen tambayar kuɗi ne ake yawan kuskure. Idan kuka ce "za ki iya biyan kaza a wata?" kowa zai ce e, don kunya. Ku tambaya nawa take ba yaron na kashewa a rana, da nawa take zubi a adashe. Wannan shi ne ainihin ƙarfin gidan. Sannan cikin waɗanda suka ce za su kawo yara, ku ƙaddara rabi zuwa biyu bisa uku ne za su zo a watan farko.

Kafin ku ci gaba, ku leƙa firamaren gwamnati mafi kusa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma firamare da yawa suna da ajin share fage da ake kira ECCDE a ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Idan akwai shi amma ba tabarma, ba mataimakiya, ba ruwa, ya fi sauƙi ku bi ta SBMC, wato kwamitin iyaye da al'umma mai kula da makarantar, ku tayar da shi, da ku kafa sabo a gefensa. Malamar tana da albashinta daga gwamnati, ku mataimakiya da kayan aiki kawai za ku ɗauka.

Mataki na 2: Kwamiti

Mutum 7 sun isa: shugaba, sakatare, ma'aji, da wakilai huɗu. Aƙalla huɗu su kasance iyaye mata waɗanda 'ya'yansu za su shiga, domin su ne za su ga matsala tun tana ƙarama. Mai unguwa da liman, ko fasto inda haka ya dace, a sa su iyayen ƙungiya. A kai musu gaisuwa, a nemi albarkarsu, su sanar a masallaci, su sasanta idan rikici ya taso. Amma kada a ɗora musu riƙon kuɗi, saboda babu wanda zai iya duban idon mai unguwa ya ce ya kawo littafi a bincika.

Ku rubuta ƙa'idoji a shafi biyu da Hausa: shekarun shiga, lokacin buɗewa da tashi, kuɗi da ranar biya, abin da za a yi wa wanda bai biya ba, wanda ke da ikon ɗauka da sallamar ma'aikaci, da wa'adin kwamiti. Shekara 2 ta yi. A karanta a gaban taron iyaye, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Mataki na 3: Wuri

Kada ku fara da gini. Ku nemi aro, kuma mafi dacewa shi ne ajin Islamiyya, tunda da yawansu sai bayan azahar suke cika, da safe a rufe suke. Sai zauren coci a ranakun mako, ɗakin taron unguwa, ko ɗaki da tsakar gida a gidan wata dattijuwa wadda 'ya'yanta suka watse. Gidan dattijuwar yana da fa'idar da sauran ba su da ita: matan da ba su cika fita ba za su iya shiga su ga yaransu ba tare da damuwa ba. Ko a ina ne, a rubuta yarjejeniyar aro ta aƙalla shekara 2 a gaban shaidu. Aron baki yakan ƙare ranar da ɗan mai gida ya tashi aure yana neman ɗaki.

Ɗakin da muka saba da shi mai ƙafa 12 a kan 12 ba ya ɗaukar fiye da yara 12 idan ana so su motsa. Yara 40 suna bukatar cikakken aji ɗaya da rumfa, ko ɗaki biyu da rumfa. Tagogi su kasance a ɓangare biyu masu fuskantar juna. Wannan ba don jin daɗi kawai ba ne, domin ƙyanda, mashaƙo da sanƙarau a cunkoso da rashin iska suke yaɗuwa, sanƙarau kuma lokacin zafi ya fi tashi. Idan ba ɗaki, rumfar kwano ko ta kara mai kewayen zana tana aiki har zuwa faɗuwar damina, muddin an daɓe ƙasan.

Kafin yaro ya taka wurin, mutum ɗaya ya durƙusa ya zagaya shi a tsayin yaro, ya duba waɗannan:

- Rijiya ta samu murfi mai kwaɗo. Baho ko bokitin da ke cike da ruwa ma yana iya halaka ɗan shekara 2, don haka ba a barin su a buɗe.
- Bakin masai na manya ya yi wa yaro faɗi. A ƙanƙance shi da siminti a yi masa murfi, ko a bar ƙananan a kan fo.
- Kalanzir, fetur, maganin ɓera, fiya-fiya da bilic su hau can sama a kulle. Kada a taɓa zuba su a robar lemo.
- Murhu ya kasance a bayan shinge, soket a toshe, wayar da ta zube a ɗauke.
- Ƙofar waje ta samu sakata a sama inda hannun yaro ba ya kai, musamman idan tana fuskantar titi ko kwata.

Mataki na 4: Lissafin kuɗi

Nan ne za ku daɗe, kuma ya cancanta. Ku raba kuɗin gida biyu. Akwai na kafawa, wanda sau ɗaya ake kashe shi: tabarmi, gyaran masai, rumfa, allo. Wannan a neme shi ta gidauniya, daga 'yan kasuwar unguwa, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, 'yan unguwar da ke aiki a wasu garuruwa, har da kansila idan ya bayar. Akwai kuma na kowane wata: albashi, ruwa, sabulu, alli. Wannan dole ya fito daga hanyar da ba ta yankewa, wato aljihun iyaye. Wurin da ya ɗora albashi a kan alkawarin ɗan siyasa ko tallafin wata ƙungiya zai yi aiki daidai tsawon alkawarin ne.

Ga misalin yadda ake lissafin. Alƙaluman misali ne kawai, ku sa farashin garinku na yau:

- Babbar malama: ₦40,000
- Mataimaka biyu, kowacce ₦25,000: ₦50,000
- Ruwa, sabulu, bilic: ₦15,000
- Alli, takarda, ƙananan gyare-gyare: ₦10,000

Jimla ₦115,000. A ƙara kashi 10 cikin 100 na ajiya, ya zama ₦126,500. Kuskuren da ake yi shi ne a raba wannan da 40. A cikin 40 ɗin ku ware gurbi 5 na marayu da waɗanda ba su da hali ko kaɗan, saura 35. A cikin 35 kuma, kowane wata sai an samu wanda ya yi tafiya, wanda ciwo ya kwantar, da wanda ciniki ya tsaya masa. Ku yi lissafi da 30. Idan aka raba ₦126,500 da 30 ana samun ₦4,217, wato kusan ₦200 a rana a wata mai ranakun aiki 22. Idan wannan ya yi daidai da abin da kuka ji a mataki na 1, ku ci gaba. Idan ya zarce, ku rage awannin aiki ko ku maye gurbin mataimakiya ɗaya da iyaye masu karɓa-karɓa. Kada ku cike giɓin da cusa ƙarin yara a ɗakin.

Albashin da ke misalin bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya koma ₦70,000 a 2024. Aikin rabin yini ne, amma duk da haka ku riƙe a ranku cewa duk rarar da aka samu, albashi ne farkon abin da za a ɗaga.

Yadda ake karɓa ya kusa kai yawan kuɗin muhimmanci. Mai sayar da ƙosai ko awara ba ta tara ₦13,000 ta biya zango, amma ₦200 kullum ko ₦1,000 duk mako ba ya yi mata nauyi, kamar zubin adashe. Ku bar ma'aikata su biya a wata, masu ƙananan sana'a su biya a mako. A ƙauye a karɓi gero, dawa ko wake lokacin kaka a kan farashin kasuwar ranar, a rubuta a rasit da kuɗinsa. Wadda ba ta da kuɗi tana iya biya da aiki: shara, ɗebo ruwa, wankin tabarmi, ko zama da yara kwana ɗaya a mako. A ƙayyade kwana nawa ne ke biyan wata, in ba haka ba aikin zai zama na ganin dama.

Gurbin kyauta guda 5 ɗin nan a nema musu masu ɗaukar nauyi, kowane mai hali ya ɗauki yaro ɗaya na shekara. Game da zakka, ku tuntuɓi malamin unguwa tun da wuri, domin tana da mutanen da aka ƙayyade mata, kuma malamai da yawa ba su yarda a zuba ta kai tsaye a gini ko albashi ba. Abin da aka fi yi shi ne a damƙa ta ga uwar da ta cancanta, ita kuma ta biya kuɗin ɗanta in ta so. Sadaka da waƙafi ba su da wannan ƙaidin. Shago ɗaya da aka yi waƙafinsa, hayarsa na shiga asusun duk wata, ya fi babbar kyauta ta rana ɗaya amfani.

Malama ba ta karɓar kuɗi. Idan ita ce mai bin bashi, uwar da ake bi za ta daina kawo yaro don kada su haɗa ido. Ma'aji ko wakiliyarsa ta zauna a ƙofa ranar biya, ta ba da rasit ko na ₦200 ne. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire kuɗi sai da biyu. Kafin asusun ya samu, akwati mai kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu daban. Ƙarshen kowane wata a manna abin da ya shiga da abin da ya fita a bango.

Sai batun hutu. Idan kuka bi kalandar makarantu, kuɗi zai shigo wata 9 amma malama za ta ci abinci wata 12. Ko dai ku raba albashin shekara a kan watannin karatu, ko ku buɗe duk shekara ban da makon sallah biyu da ɗan hutun ƙarshen shekara. Na biyun ya fi dacewa, tunda kasuwa ba ta hutun zango. Kuma kada ku buɗe sai albashin wata 2 yana ajiye.

Mataki na 5: Masu kula da yara

Manufar ilimi ta ƙasa ta sa mai kula ɗaya ga yara 25 a ajin nazare, ɗaya ga 10 a wurin jarirai. Wannan iyaka ce, ba abin da za a nufa ba. A aikace, ɗan shekara 3 ɗaya ya ɓata wandonsa, malama ta fita da shi, sauran 24 sun zama ba kowa a kansu. Don haka ko yara 15 ne, manya biyu ake bukata. Jarirai kuwa, mace ɗaya ba ta iya riƙe fiye da 4 ko 5 yadda ya kamata, shi ya sa kuɗin renonsu yake ninka na manyan sau biyu ko uku. Ku fara da 'yan shekara 3 zuwa 5, ku ƙara 'yan shekara 2 bayan kun zauna da gindinku. Wanda bai kai wata 6 ba nonon uwa zalla yake sha, ba a karɓarsa sai in uwar tana kusa da za ta riƙa zuwa shayarwa.

Babbar malama in an samu mai NCE a fannin ilimin ƙananan yara, wanda kwalejojin ilimi ke koyarwa, madalla. In ba a samu ba, mai shaidar sakandare wadda take karatu da rubutu da Hausa sosai ta wadatar, a tura ta ta zauna mako 2 a ajin wata ƙwararriya, kuma a roƙi sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya riƙa sa sunanta idan ana bita. Mataimakiya ba ta bukatar takarda, haƙuri da tsafta ake nema. 'Yar unguwa mai aure ko dattijuwa ta fi zama, domin budurwa daga nesa aure ko karatu zai ɗauke ta cikin 'yan watanni.

Kada ku ɗauka da hira kawai. Ku ba ta yara 10 na awa ɗaya ku koma gefe. Ku lura ko tana durƙusawa ta yi magana da yaro a tsayinsa, da abin da take yi idan biyu suna kokawa a kan ƙwallo ɗaya. Ku tambayi maƙwabtanta yadda take da 'ya'yanta. Sai wata 1 na gwaji da cikakken albashi.

Sharuɗɗan da za ta sa wa hannu: babu bulala, babu ranƙwashi, babu kulle yaro a ɗaki ko tsorata shi da dodo. Ba a ba yaro wani magani don ya yi barci, ko na tari ne, kuma wadda ta yi haka ranar za ta tafi. Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki. Baƙo, ko ɗan kwamiti ne, ba ya shiga sai da malama a wurin. Ba talla a cikin aji, waya kuma tana jaka sai lokacin kiran iyaye.

Mataki na 6: Sanar da hukuma

Ku fara da wasiƙa zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da sa hannun mai unguwa, ku bayyana cewa wurin na al'umma ne, ba na riba ba. Shi zai nuna muku ofishin da ke rajista a jiharku. A wasu jihohin sashen tabbatar da inganci na ma'aikatar ilimi ne, a Kano akwai hukumar makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, gidajen renon jarirai kuma a wurare da yawa ma'aikatar mata ce ke duba su. Ita ƙungiyar a yi mata rajista a ƙaramar hukuma ko a matsayin ƙungiyar gama kai, saboda banki zai nemi takardar. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, tana iya jira sai kun girma. Duk kuɗin da aka ce ku biya, ku karɓi rasit na gwamnati.

Mataki na 7: Ɗaukar yara da kiyaye lafiyarsu

Kowane yaro ya samu shafinsa a rajista: suna, ranar haihuwa, lambobin waya biyu, ciwon da yake da shi kamar sikila, asma ko farfaɗiya, abincin da jikinsa ba ya karɓa, da sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauke shi. Wanda sunansa ba ya ciki ba a ba shi yaro, ko ya ce shi kawunsa ne, sai an kira uwar. A nemi takardar haihuwa da katin rigakafi. Wanda ba shi da su kada a kore shi. A ba iyayen wata 1, a haɗa su da asibitin unguwa da ofishin hukumar ƙidaya.

Ku ƙulla zumunci da ma'aikaciyar lafiya ta asibitin matakin farko. Tara yara 40 wuri ɗaya sauƙi ne gare ta: ɗigon bitamin A duk wata 6, maganin tsutsar ciki, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa wata wata da damina ga 'yan wata 3 zuwa 59 a jihohin arewa. Duk da sanin iyaye za a yi. Ta kuma koya wa malama awon damtse sau ɗaya a wata. A jikin tef ɗin, kore lafiya, rawaya wato santimita 11.5 zuwa 12.5 a sanar da iyaye a kai asibiti, ja wato ƙasa da 11.5 ko kumburin ƙafa biyu a kai ranar.

Da safe a ƙofa malama ta dubi kowane yaro. Mai zazzaɓi, gudawa, ƙuraje sababbi, jan ido mai kwantsa, ko ciwon maƙogwaro da kumburin wuya ya koma gida. Iyaye za su yi gunaguni, shi ya sa aka sa shi a ƙa'idojin da suka sa wa hannu. Wanda zafinsa ya kai 38 a tsakiyar yini a kwantar da shi gefe, a rage masa kaya, a ba shi ruwa, a kira gida. Idan gudawa ce a dama ORS da adadin ruwan da aka rubuta a ledar, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Jijjiga, sanƙarewar wuya, numfashi da ƙyar, kasa shan komai, ko barcin da ba ya farkawa sosai, waɗannan ba a jiran uwa: mataimakiya ta wuce da shi asibiti, a kira gida a hanya. Ku ajiye lambar mai Keke ɗaya da kuɗin motar gaggawa a ambulan.

Wanke hannu da sabulu sau uku ne ba fashi: da isowa, bayan bayan gida, da kafin ci. Ba a tsoma hannu a baho ɗaya, ruwan ya zubo daga famfo ko buta. In ba bokiti mai famfo, a huda jarka kusa da wuya a rataye ta. Fo da wurin da aka yi amai a wanke da bilic, kashi 1 cikin kashi 6 na ruwa idan an rubuta 3.5% a robar. Tabarmi su sha rana duk Juma'a.

Mataki na 8: Tsarin yini

Daga 7:30 zuwa 12:30 ya isa. Rabin awa na farko tarba da wanke hannu. Sai zama a da'ira: gaisuwa, addu'a, sunan rana, waƙa. Daga nan a raba su rukuni uku na awa ɗaya, wasu a yumɓu, wasu a ƙirga da murafen kwalba, wasu a zane, ana juyawa. Ƙarfe 9:30 abinci, sai wasan waje kafin rana ta take, sai tatsuniya, sai hutawa. Duk abin da za a zaunar da ɗan shekara 3 a kansa kada ya wuce minti 10 zuwa 15.

A koyar da harshen da yaran ke ji a gida. Yaron da ya iya ba da labarin Gizo da Ƙoƙi daga farko zuwa ƙarshe, ya warware kacici-kacici, ya ware jajayen murafe daga shuɗɗa, ya ƙirga tsakuwa 10 yana taɓa kowacce, ya fi wanda ya haddace A zuwa Z da ka bai san ko ɗaya a allo ba shirin shiga aji ɗaya. Turanci ya shigo ta gaisuwa, waƙa da sunayen abubuwa. Iyaye za su matsa a ba da aikin gida da jarrabawa don su ga kuɗinsu na aiki. Maganin wannan shi ne a gayyace su sau ɗaya a zango su zauna su ga abin da yaran suka iya. Riƙon fensir da rubuta haruffa na 'yan shekara 5 ne, ƙananan su yi zane a yashi da allo. Murafen kwalba, tsakuwa da wake ba a ba wanda bai kai shekara 3 ba, saboda baki da hanci suke kai su.

Idan akwai iyayen da sai la'asar suke dawowa, a yi zama na biyu da kuɗinsa daban da mai kula daban. Kada a ɗora wa malamar safe kyauta.

Mataki na 9: Abinci

Mafi sauƙi kowa ya zo da nasa a kwano mai murfi. Illarsa ita ce wani zai buɗe shinkafa da ƙwai, na kusa da shi ba komai. Idan kun ga haka, ku koma kunu ɗaya ga kowa. Garin da aka fi sani da Tom Brown awonsa 6, 3, 1 ne: mudu 6 na gero, dawa ko masara, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a jiƙa waken a cire ɓawonsa, a shanya komai ya bushe sarai, a soya kowanne daban sama sama, a haɗa a niƙa. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, tana da guba mai lahani ga hanta wadda suya ba ta kashewa. Kimanin giram 50 ga yaro ya isa karin safe, wato kilo 2 a rana ga yara 40. A dama da kauri, a bar shi ya tafasa sosai, a niƙa na mako 2 kawai a lokaci guda don kada ya yi warin mai. Kuɗinsa a lissafa shi daban da na reno, ko iyaye su kawo hatsin.

Mataki na 10: Dubawa bayan wata 3

Kwamiti ya zauna da littattafan huɗu. A littafin zuwa, duk yaron da ya yi fashin mako guda a je gidansu a ji dalili, sau da yawa bashin ₦1,000 ne ya sa uwar ɓuya. A yi mata sassauci ko a mayar da ita biyan aiki, kada a kori yaro a gaban 'yan uwansa. A littafin kuɗi, idan abin da ke shigowa bai kai kashi 80 cikin 100 na abin da ake tsammani ba wata 2 a jere, a kira taron iyaye kafin a taɓa ajiya, a nuna musu alƙaluman, su zaɓa tsakanin ƙarin kuɗi da rage awanni. Ƙarin kuɗi sau ɗaya a shekara ake yinsa, da sanarwar wata guda. A littafin rauni, idan wuri ɗaya ya ji wa yara biyu ciwo, a gyara wurin.

Wata 2 kafin sabuwar shekarar karatu, malama ta fitar da sunayen waɗanda za su cika shekara 6, a kai wa shugaban firamare tare da takardun haihuwarsu, sannan a cike gurabensu daga jerin masu jira, ana fara da gidajen da aka rubuta a mataki na 1 cewa akwai yarinyar da reno ya hana ta zuwa makaranta.